Injinki Ya Tsallake Bazara

Wulari, Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Ina gaishe ki da sunan Ubangijinmu, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gidan da suka sauke ki. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya kiyaye ki daga hatsarin mota da na wuta. Mamanki na gaishe ki. Ta ce in tambaye ki ko kina sa rigar sanyin da ta ba ki, ko kina nan kina taurin kai irin na ubanki. Na ce mata wannan ba sai an ɓata tawada ba.

Ruwa ya sauka. Ba yayyafin nan da ke jiƙa saman ƙasa ya gudu ba, ruwa na gaske, har kwatar bakin coci ta cika ta tumbatsa. Da gari ya waye na tafi ofishin fassara, na tarar da Mama Laraba sakatariya tana buga rubutun waƙa a injinki, kwamfutar nan da kika haɗa, shi kuwa yana ta aikinsa kamar bai san an yi bazara a garin nan ba. Na zauna a kan benci na sauke wata irin ajiyar zuciya, har ta juyo tana tambaya ko jikin ne. Na ce mata lafiyata ƙalau, tun tafiyarki ban ja numfashi mai daɗin wannan ba.

Kin san abin da muka ƙulla, amma bari in sa shi a rubuce, don na san halinki da nawa, nan da shekara kowa zai ba da labarin yadda ya fi masa daɗi. Ofishin fassara suna haɗa littafin waƙoƙi da harshenmu, tsohuwar kwamfutarsu kuwa in aka ce ta juya shafi sai mutum ya je ya sha ruwa ya dawo. Kika haɗa musu wata a bencina, da furosesa, ƙwaƙwalwar injin, mai gudun ɗari da sittin da shida, kika ce za ki ɗaga shi ya kai ɗari biyu, abin da ku yaran yanzu kuke kira obakulok. Na ce ba a shagona ba. Kika ce ai ba a shagona za ta zauna ba. Fasto, mai kula da ofishin, ya saurare mu, ya ce shi dai littafi yake so ya fito, kika canza jampa, ɗan maɓallin nan da ke saita gudun injin, a gabana ina kallo. A makon nan kuma mai shagon kwamfuta na Jos ya aiko yana nemanki. Raina a ɓace na ce ki tafi, amma da sharaɗi: in injin nan ya mutu, ko ya lalata musu aiki, kafin ruwan farko, ki tattara ki dawo bencina ki ƙara koyo, kuma maganar Jos ta mutu. In ya kai, kin tafi ke nan da albarkata. Kika ce kin yarda, mamanki ce shaida. To, ya kai.

Tunda yanzu ba ki kusa balle in riƙa yi miki faɗa kan aiki kaɗan-kaɗan, zan yi miki shi gaba ɗaya a takarda, ki karanta lokacin da kika ga dama. Kin daɗe kina cewa ina hana abu ba na faɗin dalili. Gaskiyarki. Dalilin shi ne duk abin da na hana ki ni na fara yinsa, kuma na sha ƙaurinsa da hancina.

Lokacin da na sauko daga ƙasar Biu ina saurayi, gyaran rediyo nake koyo wurin wani Bakano a bayan Kasuwar Kwastam. Ban daɗe da iya riƙe ƙarfen dalma ba aka kira ni wani biki a Ajilari, wai amfilifayar masu kiɗa tana ta cin fiyus. A sa sabo, ta yi waƙa ɗaya, ta ƙone shi. Jama'a sun taru, dangin ango sun zuba mini ido, wani dattijo kuma sai faɗi yake a kira babba mana, wannan ai yaro ne. Maganar nan ce ta kai ni ta baro. Na zaro waya mai kauri na naɗe a gurbin fiyus ɗin, na kunna. Rifkatu, da kin ji sauti. Aka yi ta guɗa, wata mata har da liƙa mini kwabo a goshi. Ba a kai ƙarshen waƙa ta biyu ba hayaƙi ya turnuƙe, taransifoma ta narke, aka ƙarasa biki da ganga da tafi. Maigidana bai taɓa ni ba. Sa ni ya yi na kwance amfilifayar kaf, na nemo abin da ke jan wutar tun farko. Wani ɗan kafasita ne da bai kai ƙwallon dabino ba.

A duk taron nan fiyus ɗin ne kaɗai yake faɗa mini gaskiya, ni kuwa na toshe masa baki. Haka in kika ɗaga furosesa, injin ya fara sandarewa ko yana kashe kansa yana kunnawa, magana yake yi miki. Na san madabod ɗin yanzu suna da jampar ƙara boltej, na kuma san in kin ƙara sau da yawa sai ya yi shiru ya ci gaba da aiki. Wannan wayata ce mai kauri, an dai canza mata suna. Ki sauko da gudun, ki nemi dalili, ko ram ne bai iya bi ba, ko zafi ne ya taru. Kar ki ƙara wuta don kawai mutane na tsaye a kanki.

Kwamfutar farko da na taɓa buɗewa ta wani ɗan kwangila ce. Ya kawo ta da kansa a bayan mota, ya ce mai gyaran talabijin da bidiyo ai ba zai rasa gane wannan ba. Akwatin wutarta ne ya mutu, na samo wani. Kin san filogi biyun nan masu kama ɗaya da ke shiga madabod kafaɗa da kafaɗa, waɗanda dole baƙaƙen wayoyinsu su haɗu a tsakiya. Yau ko daga barci aka tashe ki za ki faɗa, ni kuwa a ranar ban sani ba. Littafin bod ɗin yana cikin kwali a gabana. Amma mutumin ya harɗe a kujera yana kaɗa makullin mota, sai na ji kunyar ya ga ina buɗe littafi kamar ɗan firamare. Na soka su yadda hannuna ya ga dama, na danna. Ba wata ƙara, ɗan tas kawai, sai wari. Madabod kuwa komai a jikinta yake zaune, furosesa da ram da katunan nan duka, in za ta tafi ba ta tafiya ita kaɗai. Ta ɗauki ram da katin allo suka raka ta. Mamanki tana da cikin ƙaninki a lokacin, ita za ta gaya miki kwana nawa tuwo ya ƙi wuce mini.

Ke mace ce a bencin da ba a saba ganin mace ba. Za a zo a tsaya a kanki ana jiran ki yi kuskure, wani ma zai dube ki da sukundireba a hannu ya ce ina mai gyaran. Za ki ji kamar in kika buɗe littafi kin ba su abin da suka zo nema. Buɗe abinki, ki karanta a gabansu, in ta kama ki sa yatsa a kan layin. Kowace bod da tsarin jampofinta, abin da ya ba ki sittin da shida a wannan yana iya ba ki hamsin a waccan, kuma ba wanda ya haddace su duka sai maƙaryaci. Wanda ya yi miki dariya ranar da kika duba littafi zai manta kafin ya kai gida, wanda kika ƙona wa bod kuwa har jikokinsa sai sun ji sunanki.

Akwai wanda ya fi ban dariya, kuma shi ya fi ba ni kunya. Kin tuna akwatunan da ke da ɗan gilashi a gaba mai nuna lamba da koren haske, da maɓallin gudu da ake kira tabo a gefensa. Lambar nan ba abin da take aunawa. Wasu 'yan jampofi ne a bayan gilashin, kin ga dama ki sa ta nuna gudun injin, kin ga dama ta nuna shekarun kakarki. Alhaji Modu mai kayan gini, abokina tun zamanin rediyo, ya zo yana ƙorafi wai ta maƙwabcinsa na nuna sittin da shida, tasa talatin da uku, yaran shago har sun fara yi masa tsiya. Na ce ya bar mini ita ya dawo da yamma. Ban taɓa komai a cikinta ba, gilashin kawai na juya ya koma casa'in da tara. Ni a wasa na yi, da niyyar in ya zo mu yi dariya in mayar. Bayan kwana biyu sai ga shi da fara'a har kunne, yana gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, wushe, Malam Bulus. Wallahi yanzu kafin in taɓa ta buɗe. Hannunka akwai albarka."

Bai tsaya nan ba, ya turo mini mutum uku su ma a yi musu irin gyaran. A nan ido ya raina fata. Na same shi a shago na faɗa masa gaskiya tsakani da Allah, cewa fitila kawai na canza. Ya dube ni ya ce in dai rowar asirin nake yi kar wasu su kamo shi, to ya gode, amma kar in raina masa hankali, shi da yake zaune gabanta kullum ai ya fi ni sanin ta ƙara gudu. Har yau a kan casa'in da tara take.

Ba a daɗe ba aka yi mini irinta, kuma ba da wasa ba. Wani ɗan kasuwa ya kawo bod-bod daga Legas da araha, an jera musu 'yan kesh a gefe, ƙananan ma'ajiyar nan da ke riƙe wa furosesa abin da yake yawan nema don kar ya tsaya jiran ram. Kana kunnawa allo zai rubuta maka cewa kesh na nan. Na haɗa inji biyu da su, suka riƙa jan ƙafa, na canza wannan na canza wancan, shiru. Da haushi ya ishe ni na ɓamɓare ɗaya na fasa da filaya. Roba ce zalla da ƙafafun ƙarfe, ba komai a ciki. Na zauna ina dariya ni kaɗai, don na tuna Alhaji Modu. Saboda haka kar ki yarda da lambar da ke gaban akwati, kar ki yarda da wadda allo ya rubuta. Ki ba inji aiki mai nauyi ki ga yadda zai yi da shi. Kuma in wata rana maigidanki ya ce ki ɗaga mai ɗari da sittin da shida a sayar a matsayin mai ɗari biyu ba tare da an gaya wa mai saye ba, ki ce masa babanki ya hana. Ki ɗora mini laifin, na saba.

Yanzu ga kuskuren da ya sa na ce miki ba a shagona ba. Ba ki san shi ba, kina makarantar kwana a lokacin, ni kuma ba labarin da nake son bayarwa ba ne.

Malama Yagana malamar sakandare ce, tana karatun digiri na biyu a jami'a, tana rubutu a kan waƙoƙin da tsofaffin matan Barebari ke yi wajen biki. Ta yi yawo ƙauye-ƙauye tana zama da su tana rubutawa. Tana da inji mai gudun sittin da shida, ta ce yana ɓata mata lokaci. Ni kuwa na karanta a wata mujalla cewa in ka matsar da jampar bas daga talatin da uku zuwa arba'in, furosesan zai koma tamanin kyauta. Bas, kin sani, ita ce hanyar da komai na cikin injin ke bi, ba furosesa kaɗai ba, har da katin da ke kai rubutu cikin had-disk, rumbun ajiyar injin. Na matsar. Cikin Disamba ne, da safe, ina sanye da suwaita. Na kunna, na buɗe wannan na rufe wancan, komai garau. Na ba ta ina ta washe baki, ban ce mata na yi wani abu mai hatsari ba, na dai ce na ɗan gyara mata shi.

Cikin Afrilu ta dawo da tsakar rana. Ta gaishe ni yadda suke gaisuwar rana, nda kausu, wato ina zafi, na amsa da fara'ata, ban san zafin ne ya kawo ta ba. Injin bai ƙone ba. Da ma ƙonewa ya yi, da ta sani tun ranar farko. Yana tashi lafiya, yana buɗe komai. Amma in zafi ya hau, katin nan sai ya kasa bin gudun da na ɗora masa, ya riƙa rubuta shirme a tsakiyar aiki ba tare da ya ce uffan ba. Ta buɗe mini babi, shafin farko lafiya, na biyu lafiya, can ciki sai wasu alamomi marasa kan gado inda waƙa take a da. Ita kuma baiwar Allah mai tsari ce, duk mako tana kwafe aikin a fulofi, ƙaramin faifan ajiya, sabon a kan tsohon, ashe lalataccen take ɗorawa a kan mai kyau. Takardun hannun ta riga ta zubar da yawancinsu. Biyu daga cikin tsofaffin da suka rera mata sun rasu a shekarar.

Na yi tsammanin za ta yi mini ihu, na ma fi son hakan. Da na gama yi mata bayanin abin da na yi, sai ta gyara mayafinta ta ce, "Malam Bulus, da ka ce mini akwai hatsari, da ni zan zaɓa. Aikina ne."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Na mayar mata da jampar, muka ceto abin da ya cetu, ta ƙara shekara guda a karatun. Har yau in mun haɗu tana gaishe ni, ni ne dai ba na iya haɗa ido da ita sosai.

Daga ranar na fara abin da kuke yi mini dariya a kansa, ke da ƙaninki, gwajin kausu. Ba injin da zai bar shagona sai an rufe masa akwati, an ajiye shi ƙarƙashin kwanon baya tsakanin azahar da la'asar, an kashe fankar sama, an sa shi kwafe manyan fayiloli yana gwada su da na asali har rana ta yi sanyi. In harafi ɗaya ya bambanta, ba ya fita. Wannan ki riƙe shi da hannu biyu. Injin da ya mutu ya yi miki adalci, ki ji tsoron wanda yake aiki yana ƙarya. Kuma duk abin da kika ɗaga, ki gaya wa mai shi da bakinki, ga ribar, ga hatsarin, ki bar shi ya zaɓa.

Amma daga ranar na yi wani kuskuren kuma, kuma ke ce kika nuna mini shi, ko da yake ban gode miki ba a lokacin. Na ƙone sau ɗaya, sai na mai da ƙunar doka, na ce ba a taɓa jampar gudu a shagona har abada, ban ƙara tsayawa na bambance wace jampa ce ta cuce ni ba. Ke ba ki taɓa bas ba. Kin bar ta a sittin da shidanta, ninkin furosesa kawai kika ɗaga daga biyu da rabi zuwa uku, don haka had-disk da katuna ba su ma san an yi wani abu ba. Ba ki ƙara boltej ba. Kika cire ƙaramin ƙarfen shan zafin kika sa babba, kika shafa farin man nan siriri a tsakani, kika ciro fanka daga mataccen akwatin wuta kika ɗaura a gaba, kika ɗaure faffaɗan wayoyin a gefe don iska ta samu hanya. Kika zaunar da Fasto kika faɗa masa komai, har da cewa su riƙa ajiye fulofi daban-daban kar su ɗora sabo a kan tsoho. Duk na gani a ranar. Idona ya ga aiki mai kyau, bakina ya ƙi faɗa, don 'yar da na koya wa riƙon filaya ce take karya mini doka a gaban Fasto. To yau na faɗa, aikinki ya yi kyau. Ki gaji gwajina, kar ki gaji tsorona.

Abin da ke damuna da Jos shi ne sanyinta. Can kullum Disamba ne a wurin inji. Abin da ya tsaya da ƙafarsa a can yana iya zuwa Maiduguri ko Nguru ko Yola ya faɗi a makon farko, kuma na san rabin abin da shagonku ke haɗawa nan arewa maso gabas yake zuwa. Kafin ki taɓa jampa ki tambayi mai saye inda injin zai zauna, wane gari, ɗaki mai silin ko kwano tsirara, da na'urar sanyi ko babu, wutar gari ko janareto. In ya ce akwai na'urar sanyi, ki tambaye shi in an ɗauke wuta janaretonsa na iya ɗaukarta, don yawanci kwamfutar kaɗai ake kunnawa a bar ta tana gumi. In zafi bai zo muku ba, ki ƙirƙiro shi. Ki rufe akwatin, ki sa shi a ƙaramin ɗaki da rana tsaka, ki rufe taga. Abokan aikinki za su ce 'yar Maiduguri ta zo da camfinta. Ki bar su su faɗa.

In an ba ki zaɓin bod, kar ki bi kyan kwali. Ki duba ko akwai fili a kewayen gidan furosesa da babban ƙarfen shan zafi zai zauna, ki taɓa ɗan ƙarfen da ke rage wuta a gefensa bayan ya yi aiki, in ba ki iya barin yatsa a kai, wannan bod ɗin ba ta ɗagawa ba ce. Ki fi son wadda aka buga tsarin jampofinta a jikinta, don littafi ɓata yake yi. Ki fi son mai batir kamar kwabo da ake cirewa, waccan mai batir kamar 'yar ganga da aka liƙe da dalma zubar da ruwa take yi ta cinye layukan bod a hankali. Ki taɓa ƙarfen akwati kafin ki taɓa ram. Ki ci abinci kafin ki buɗe injin mutane, don rabin ɓarnar da na yi a rayuwata da yunwa na yi ta. Ranar Lahadi kuma ki rufe shago ki tafi sujada, inji ba ya gudu.

Saura abu ɗaya. Mamanki ma ba ta sani ba, amma ke ya kamata ki sani, don a kanki ne.

Tun da kika tafi nake zuwa ofishin fassara wai gaisuwa, har Mama Laraba ta fara cewa ko aiki nake nema a wurinsu. A makon da zafi ya kai maƙura, wanda ko ruwan randa sai ka hura kafin ka sha, na je da azahar na tarar ba kowa. Ta tafi taron zumuntar mata, ta bar injin a kunne yana jera shafuka. Kin san mutanenmu, abin da muke ƙauna sai mun rufe shi. Rediyo da mayafinta, talabijin da nata, har kwanon sha. To Mama Laraba ta zauna ta saƙa wa injinki riga da zaren ulu, mai kauri, ja da fari, ta yi mata shafi da atamfa, ta lulluɓe shi tun daga sama har ƙasa. Gaba a rufe, baya a rufe, duk inda kika buɗe wa iska hanya ta toshe shi da ƙauna. Na sa hannu a kai, kamar murfin tukunya.

Na san abin da zai faru in aka bar shi haka zuwa la'asar. Na kuma san ba wanda ya ga shigowata, mai gadi na barci a gindin dalbejiya. Ba sai na taɓa komai ba, juyawa kawai zan yi in tafi gida. Ba hannuna ba ne, ba laifin kowa ba ne, sharaɗinmu kuma bai ce ban da rigar ulu ba. Kafin ƙarshen wata kina bencina, kina yi mini gardama, mamanki ta daina zama a ɗakinki da yamma tana ninke kayan da ta riga ta ninke. Ba zan yi miki ƙarya ba, Rifkatu, na so hakan. Na tsaya a wurin da hannuna a kan ulun nan ina so, har na kai bakin ƙofa.

Sai na dawo na yaye rigar, na jawo injin daga jikin bango, na kunna fankar sama, na zauna a gabansa har ƙarfen ya huce. Allah ya gafarta mini, ba waƙoƙin ne suka dawo da ni ba. Gani na yi in kika dawo ta wannan hanyar, za ki zauna a gefena kina ganin aikinki ne ya gaza, kina sunkuyar da kai kina cewa Baba ya yi gaskiya, ni kuwa kullum na dube ki na san ba haka ba ne. Na iya zama da kewarki, wannan ne ban iya ba.

Da Mama Laraba ta dawo na yi mata bayani, ranta bai so ba, ta ce mako biyu ta yi tana saƙar. Muka daidaita a kan in an kashe shi an tashi aiki ta sa masa, da safe ta cire. Daga ranar har ruwa ya sauka, addu'ata ɗaya ce, Allah ya raya injin nan, kuma da zuciya ɗaya nake yinta. Shi ya sa da na ji saukar ruwa a kan kwano na ji kamar an sauke mini dutse. Kin ci gwajinki, ni ma da ƙyar na ci nawa.

Sharaɗi ya cika, ba ni da sauran abin riƙe ki. Ki zauna a Jos ki yi aikinki. Akwatin kayanki na nan tafe tare da takardar nan a hannun direban da kika sani, mamanki ta cusa yaji da kuka da busasshen kifi a ciki, ki buɗe shi nesa da bod ɗin mutane. Gida gidanki ne, ki zo duk lokacin da kika so, amma ki zo a mai sana'a da ta zo ganin iyayenta.

Ubangiji ya tsare hannunki daga wuta, ya tsare ƙafarki a hanya, ya kwantar da ke lafiya ya tashe ki lafiya. Ya haɗa ki da mutanen da in sun ga abin da zai cuce ki za su kawar da shi, ko da ba wanda ke kallonsu. Amin.

Ni ne babanki,
Bulus.